Tsohon Agogon Bango na Ingila: Masu Ƙera Shi da Masu Gyaransa

 Sharhinmu na yau yana zuwa muku ne daga nan Tampouy, a birnin Wagadugu, kuma a kan agogo za mu tattauna. Tsohon agogon bango nake nufi, mai akwatin katako, wanda ake murɗa wa makulli, wanda idan dare ya tsala ana jin bugunsa tun daga zaure har cikin gida.

Duk mai sauraron labaran duniya da Hausa ya saba jin ana cewa ƙarfe kaza agogon Najeriya da Nijar, ƙarfe kaza agogon GMT. Mu nan Burkina Faso a kan na biyun muke, mu da Ghana da Mali da Togo. Shi ya sa idan ka kira ɗan'uwanka a Kano ko Maraɗi za ka tarar agogonsu ya riga namu da awa guda, amma na Kumasi kanku ɗaya. Wannan GMT ɗin sunan wata unguwa yake ɗauke da shi, Greenwich, a gefen kogin birnin Landan. A shekarar 1675 Sarki Charles na Biyu ya sa aka gina gidan duban taurari a kan tudun unguwar, kuma a 1884 wakilan ƙasashe 25 suka taru a Washington suka amince a riƙa auna faɗin duniya gabas da yamma daga layin da ya ratsa wannan gida. Faransa ba ta jefa ƙuri'ar amincewa ba a ranar, sai a 1911 ta daidaita agogonta da na Greenwich. Layin nan kuwa bai tsaya a Turai ba. Ya gangaro ta Faransa da Sifen da Aljeriya da Mali, ya keta ƙasarmu, ya taɓa Togo, ya faɗa teku a Tema ta Ghana. Duk wanda ya hau mota daga Wagadugu zuwa Yamai yana tsallake shi tsakanin Koupéla da Fada N'Gourma, ko ya sani ko bai sani ba.

To, agogunan farko da aka kafa a wancan gida na Greenwich, a 1676, aikin wani mutum ne mai suna Thomas Tompion. Ina so masu sana'a su kasa kunne nan: Tompion ɗan maƙeri ne. A wani ƙauye aka haife shi a 1639, ya tashi a bakin zugazugi da uwar maƙera, ya shiga Landan, har ya kai ana kiransa uban masu ƙera agogo na Ingila. Agogo biyun da ya yi wa masu duban taurari sau ɗaya ake murɗa su a shekara, kuma ƙarfen da ke lilo a jikin kowannensu ya kai tsawon ƙafa 13. Shagonsa ya fitar da agogon aljihu kimanin 5,500 da manyan agoguna kimanin 650, kuma yana cikin na farko da suka fara buga wa kowane agogo lambarsa, ta yadda har yau idan aka ga aikinsa ana iya sanin lokacin da ya fito daga hannunsa. Da ya rasu a 1713 aka binne shi a majami'ar Westminster, inda ake binne sarakunansu a wancan zamani.

Kada wani ya ɗauka Turawan Ingila ne suka fara auna lokaci da na'ura. Tun a shekarar 807 Halifa Haruna Rashid ya aika wa Sarki Charlemagne kyautar agogo mai aiki da ruwa. Malam al-Jazari ya kammala littafinsa na na'urori a 1206, cike da zanen agoguna. A zamanin da, manyan masallatan Dimashƙu da Alƙahira suna da ma'aikaci na musamman wanda aikinsa ke nan, lissafin lokutan salla. Mu ma nan, kafin agogo ya zo, ladaninmu da inuwa yake gane azahar da la'asar, da fitowar alfijir yake gane asuba, ba a kuma rasa salla ba. Ko shi ƙarfen lilon da ya gyara tafiyar agogo, wani masani ɗan ƙasar Holan ne, Christiaan Huygens, ya fara haɗa shi da agogo a 1656. Abin da mutanen Landan suka yi shi ne, ba su ji kunyar koyo ba. Wani maƙerin agogo mai suna Ahasuerus Fromanteel ya tura ɗansa Holan ya zauna a shagon da ake wannan aiki, kuma kafin ƙarshen 1658 ya fara tallar irin agogon a Landan. Kafin lokacin, agogon bango na tagulla da suke ratayewa hannu ɗaya gare shi, na awa kaɗai, don yana iya kuskure da kwata guda a yini. Da lilo ya shigo sai kuskuren ya dawo 'yan daƙiƙoƙi, aka ga ya cancanci a ƙara masa dogon hannu na minti.

Abin da ya riƙe sana'ar a can shi ne tsari. Tun 1631 masu ƙera agogo na Landan suka sami takardar izini daga sarki suka kafa ƙungiyarsu. Yaro sai ya yi shekara bakwai a hannun maigida kafin a yaye shi, kuma shugabannin ƙungiya suna da ikon shiga shago su duba aiki, wanda suka samu na algus su farfasa shi. Maƙeri kuma yana rubuta sunansa da garinsa a fuskar agogo. In aikin ya yi kyau sunansa ne, in ya lalace sunansa ne. George Graham a shagon Tompion ya ƙware, ya auri 'yar ɗan'uwan maigidansa, ya gaji shagon, ya ƙara gyara na'urar da ke sakin haƙoran agogo ɗaya bayan ɗaya. Shi ne kuma ya nemo maganin wata matsala da mu mutanen Sahel muka fi kowa saninta. Ƙarfe yana miƙewa idan ya ji zafi. Idan sandar lilo ta ƙara tsawo, ko da ido ba ya gani, sai agogo ya riƙa jinkiri. Graham ya rataya kwalbar zaiba a ƙasan sandar, yadda idan zafi ya ja sanda ƙasa, zaibar ta hau sama, nauyi ya tsaya inda yake. Shi ma da ya rasu a 1751, a kabari ɗaya aka sa shi da maigidansa.

Akwai kuma John Harrison, ɗan kafinta, wanda bai taɓa zama a shagon wani maƙerin agogo ba. Da katako ya fara ƙera nasa, har haƙoran ciki. Ya zaɓi wani itace mai maiƙo a jikinsa don kada agogon ya buƙaci mai, kuma wanda ya kafa a bargar dawakan wani babban gida a wajajen 1722 yana nan yana aiki. Daga baya ya shafe shekaru masu yawa yana neman agogon da zai riƙe lokaci a cikin jirgin ruwa, saboda kyautar fam 20,000 da majalisar ƙasarsu ta sa a 1714. Ya kai ga gaci, amma sai da ya tsufa tukuf kafin a biya shi mafi yawan haƙƙinsa.

Wani abin da ya kamata Musulmi su sani: maƙeran Landan irin su Markwick Markham da George Prior sun yi ta ƙera agoguna musamman don kasuwar Daular Usmaniyya, da lambobin da Turkawa ke karantawa a fuskarsu. Sun san mai saye, sun yi masa abin da yake so.

Labarin haraji ma ya shiga. A 1797 gwamnatin William Pitt, tana neman kuɗin yaƙi da Faransa, ta ɗora sule biyar a shekara a kan kowane agogon gida. Jama'a suka ɓoye nasu, suka daina sayen sabo, masu ƙira suka rasa aiki. Wata tara kacal dokar ta yi aka soke ta. Manyan agogunan bango na masaukan matafiya, waɗanda talaka ke leƙawa ya ga lokaci kyauta, har yau da sunan wannan doka ake kiransu, ko da yake sun girme ta.

Amma wanda ya fi yawo a duniya, wanda kuma ya iso ƙasashenmu, shi ne mai zagayayyar farar fuska da baƙaƙen lambobin Rumawa, faɗinsa galibi inci 12, ana murɗa shi sau ɗaya ya yi kwana takwas. Jirgin ƙasa ne ya ɗaukaka shi. A da kowane gari a Ingila da lokacinsa, gwargwadon tsayuwar rana a kansa. Bristol tana bayan Landan da minti goma, har agogon kasuwarta yana da dogon hannu biyu, ɗaya na gari ɗaya na Landan. Jirgi ba ya tafiya a haka, sai a yi karo. Daga 1840 kamfanonin jirgi suka fara bin lokacin Landan, a 1880 doka ta mayar da shi na ƙasa baki ɗaya. Daga nan kowace tasha da gidan waya da makaranta da kotu sai da aka rataya mata irin wannan agogo. Da dogo ya isa Kumasi a 1903, ya isa Kano a 1911, agogon ya biyo shi.

Ba zan ɓoye ɗacin da ke cikin labarin ba. Jan katakon da aka yi akwatunan ƙarni na 18 da shi, da yawansa daga Jamaika da maƙwabtanta ya fito, kuma bayi 'yan Afirka ne suka sare shi. Agogon da aka rataya a ofishin Bature a ƙasashenmu da shi aka auna wa kakanninmu awannin aiki. Dogon da ya taso daga Abijan ya iso Bobo-Dioulasso a 1934, ya iso Wagadugu a 1954, gumin mutanen ƙasar nan ne, da yawansu a ƙarƙashin aikin tilas da ba a soke ba sai 1946. Wannan gaskiya ce. Amma ba laifin mai sassaƙa haƙoran tagulla ba ne, kuma ba za ta hana mu ganin kyawun aiki inda yake ba.

Ƙasarmu Faransa ce ta mulke ta, saboda haka agogon Ingila baƙo ne a Wagadugu. Inda ka gan shi, galibi ta hannun 'yan zango ya shigo. Tun zamanin fataucin goro ƙafar Bahaushe ba ta ɗauke daga hanyar Gwanja ba, da Salaga ta ja baya aka koma Kumasi, ga kuma zumuncin Kano da Sakkwato da Legas. Alhaji ya je ya sayar da shanu ko albasa, ya shiga kanti, ya dawo da agogo a naɗe cikin bargo, a rataye shi a zaure ko a kai shi masallaci sadaka. Da azumi ya zo, shi ake kallo. Da yawan waɗannan ba na zamanin Tompion ba ne, na ƙarni na 20 ne, irin na kamfanin Smiths da Enfield, waɗanda aka yi dubbai a masana'anta. Duk da haka cikinsu tagulla ne da ƙarfe, kuma an yi su ne don a gyara, ba don a yar ba. Lokacin da shirin ZACA na sake fasalin tsakiyar birni ya tashi tsohuwar unguwar Zangouettin a farkon shekarun 2000, iyalai suka watsu zuwa sababbin unguwanni, kowa ya san yadda ƙaura take da tsofaffin kaya: abin da bai karye a amalanke ba ya ƙare a lungun ɗaki.

Kwanakin baya na zauna wurin wani dattijo mai gyaran agogo a gefen kasuwa, an kawo masa irin wannan mai farar fuska. Ya zare 'yan turakun katako da ke riƙe da fuskar, ya ɗago cikin ya ɗora a kan tsumma. Faranti biyu ne na tagulla masu kauri, da ginshiƙai huɗu a tsakaninsu. Ya nuna mini wani dunƙule mai faɗin gindi da tsinin kai, an yanka masa hanya tana zagaye shi, siririyar sarƙa tana kwance a ciki.

Na ce, "Baba, wannan fa mene ne amfaninsa?"

Ya ce, "Ɗana, sifirin da ke tafiyar da agogo kamar jakin fatake ne. Da safe ƙarfi kamar ya tsinke igiya, da yamma sai ka tura shi. Ranar da ka murɗa agogo, sarƙa tana ja ta wurin tsinin nan, inda jan yake da wuya. Kwana na tafiya, ƙarfi na raguwa, ita kuma tana gangarowa wurin faɗi, inda jan yake da sauƙi. Ƙarfin da ke isa ga haƙora ranar Juma'a shi ne ke isa ranar Alhamis."

Sai ya juya ƙofar akwatin ya nuna mini rubutun fensir da ya dusashe, 'yan haruffa da kwanan wata, hannu daban-daban. Masu gyaran da suka gabace shi ne, kowa ya bar shaidar ranar da agogon ya bi ta hannunsa. Ya ce shi ma idan ya gama zai sa tasa.

Abin da ya fi ɓata masa rai shi ne mai. Ya ce agogo ya tsaya, maigida ya buɗe ya tsiyaya masa baƙin man inji, wani ma man gyaɗa. Ƙurar hunturu ta shiga ta haɗu da man, su zama ƙullu mai cin ƙarfe, ramukan da sandunan ke juyawa a ciki su buɗe, haƙora su daina haɗuwa daidai. Gyaran a nan sai an kwance shi gaba ɗaya, a wanke, a cike ramin da sabuwar tagulla a sake huda shi, sannan a ɗiga man agogo da bakin allura, a ramukan kaɗai, ban da haƙora. Ya ce wani kuma a kawo shi a bayan babur da lilon a rataye, kafin a iso siririn ƙarfen da ke riƙe da shi ya karye. Cire lilon ake yi kafin a motsa agogo. Idan an rataye shi a saurara: bugun dama da na hagu su zo daidai, in ɗaya ya fi ɗaya tsawo to ya karkace, zai tsaya. Idan bazara ta yi zafi, watan Afrilu ya haura digiri 40, ka ga yana jinkiri, akwai ɗan noti a ƙasan lilon, a murɗa shi sama kaɗan. In yana sauri a sauke shi. Mai buga ƙararrawa kuma ba a mayar da hannunsa baya.

Na tambaye shi yara nawa yake koya wa. Ya girgiza kai. Ya ce yanzu abincinsa canjin batir ne da maɗaurin agogon hannu. Tun da kamfanin Seiko na Japan ya fito da nasa agogon hannu mai batir a 1969, kasuwa ta juya, kafin ƙarshen shekarun 1970 manyan masana'antun agogo na Ingila kansu sun durƙushe. Yau agogon roba ya cika kasuwa, da 'yan kuɗi kaɗan za ka saya, in ya mutu ka jefar. Ba na zargin mai saye, kowa da aljihunsa. Abin da nake jin tsoro shi ne ranar da dattijon nan zai ajiye madubin idonsa, a nemi wanda ya san wannan sarƙa a duk faɗin unguwa a rasa.

Ga kuma 'yan gwangwan suna yawo gida-gida. A wurinsu agogon da ya shekara ɗari kilo ne na tagulla. Dillalan tsofaffin kaya su ma sun san abin da mai gida bai sani ba, su ba shi kuɗin cefanen kwana biyu su wuce da abin da kakansa ya ɗauko daga Kumasi. Kafin ka sayar, ka nemi wanda ya sani ya buɗe maka. Ka kuma sani ba duk mai rubutun Turanci ne na Ingila ba. Sunan da ke fuska sau da yawa na mai kanti ne, ba na maƙeri ba. Akwai masu akwatin Ingila da cikin Amurka, akwai na Jamus irin su Junghans, akwai na Seikosha daga Japan, akwai kuma sababbi da ake shafa wa tsufa a rubuta musu sunan tashar jirgi don a yaudari mai saye. Gaskiyar agogo tana cikinsa: kaurin faranti, sarƙar nan, da hatimin da aka buga a bayan tagulla. Waɗanda suka yi aiki a ofisoshin gwamnatin Ingila sukan ɗauki tambarin kambi da haruffan sunan sarki. Kuma don Allah kada a yi wa fuskarsa sabon fenti, kada a cire cikinsa a sa na batir. Wanda ya yi haka ya rage masa daraja, ya kuma share tarihinsa. Gara ma abokiyar gaba ce, a riƙa duba bayan akwatin, musamman a bangon ƙasa da damina.

Ra'ayina a nan a fili yake. Ba hannu muka rasa ba. Garin da ke da masu zubin tagulla na unguwar Niogsin, garin da ke karɓar baje kolin sana'o'in hannu na SIAO tun 1988, garin da yaro ɗan shekara goma sha biyar ke kwance injin babur ya mayar kafin la'asar, ba zai gagara yanka haƙorin agogo ba. Abin da mutanen Tompion suka fi mu shi ne sun ɗaure yaro ya zauna har ya iya, sun hukunta mai algus, kuma kowa ya sa sunansa a kan aikinsa. Maƙeranmu da dukawanmu da maɗinkanmu suna fitar da aikin da zai shekara hamsin, amma in ka ɗaga shi ba za ka san hannun wa ya bi ba. Wannan asara ce gare su da 'ya'yansu. Hannun da ya saba da ƙananan haƙoran agogo kuma ba zai rasa abinci ba, don shi ne zai gyara keken ɗinki da sikeli da na'urorin awo na asibiti.

Saboda haka ina kira ga shugabannin zango da limamanmu: agogon da ke rataye a masallaci ya tsaya shekara da shekaru, a sauke shi a kai gyara, a rubuta sunan wanda ya ba da shi da garin da ya fito a manna a cikin akwatin. Ina kira ga cibiyoyin koyar da sana'a su nemi dattawan nan da suka rage a bakin kasuwanni, a ba su wuri da ɗan alawus su koyar. Iyaye kuma, cikin yaran da ke zaune ba aiki, a samu mai natsuwa da haƙuri a kai shi ya zauna kusa da mai gyara, ko da bayan an taso daga makaranta ne. Kai kuma mai sauraro da ke da irin wannan agogo a gida, ka tambayi tsofaffin gidanku wa ya kawo shi, daga ina, a wace shekara, tun suna nan da ransu, ka rubuta ka ajiye. In yana aiki, ka zaɓi rana ɗaya a mako, ko Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ka riƙa murɗa shi a hankali har makulli ya tsaya da kansa.